Kokawa da ja-in-ja da kare: tambayoyi da amsoshi

Kare dabba ce mai son wasan ƙarfi. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon 'yan kwikwiyo a bayan gida ya ga yadda suke turmushe juna, wannan ya cafki kunnen wancan, wancan ya yi masa ƙafa, su yi ta birgima cikin ƙura har barci ya kwashe su. Girma ba ya raba kare da wannan hali. Matsalar ita ce fatar mutum ba irin ta kare ba ce, gidajenmu kuma cike suke da yara da awaki da kaji, ga zafin rana, ga ciwon haukan kare da har yau bai bar ƙasashenmu ba. Ga tambayoyin da masu kiwon kare suka fi yi, musamman samarin da suka sayi kwikwiyo suna son su shaƙu da shi.

Wai wasan ƙarfi ba ya mai da kare mafaɗaci?

Wasa mai ƙa'ida ba ya yi. Karen da ke cizon mutane, in ka bi diddigi, yawanci tsoro ne a bayansa, ko ciwo a jiki, ko duka, ko ɗauri dare da rana, ko kuma ya tashi bai saba da mutane ba. A cikin wasa ne ma kare ke koyon riƙe kansa lokacin da jininsa ya hau, ya ji murya ya tsaya ko da yana tsakiyar jin daɗi.

Ƙa'idojin ba su da yawa. Kai ke buɗe wasa, kai ke rufe shi. Haƙori ba ya taɓa fata ko riga. Shi kuma karen yana da damar ya gaji ya yi tafiyarsa, ba a janyo shi dole.

Masu wannan zargi suna da gaskiya ta fuska ɗaya. Akwai abin da samari ke kira wasa alhali tsokana ce: marin fuska, jan wutsiya, hura masa iska a hanci, danne shi har sai ya yi kuka, ana dariya. Karen da ake yi wa haka yana koyon cewa hannun mutum abin gudu ne ko abin cizo, kuma wata rana zai zaɓi na biyun.

Yaya zan gane wasa yake yi, ba faɗa ba?

Dubi jikinsa gaba ɗaya, kada ka tsaya a kan wutsiya. Karen da ke neman wasa yana zube ƙirjinsa da ƙafafun gaba a ƙasa, ya ɗaga bayansa sama, baki a buɗe, harshe a waje, yana kallonka yana tsalle gefe da gefe. Wannan durƙuso gayyata ce. Wani masanin halayyar dabbobi na Amurka, Marc Bekoff, ya yi shekaru yana nazarinsa, kuma a 1995 ya nuna cewa karnuka sukan yi shi dab da cizon wasa ko bayansa, domin abokin wasa ya san ba da gaske ake ba. Jikin mai wasa a sake yake, gudunsa a karkace, yana faɗuwa da gangan, wani lokaci har da atishawa. Babban kare ma yakan kwanta rigingine don ƙarami ya samu ya hau kansa.

Wanda wasa ya fita ransa daban yake. Jiki ya sandare. Bakin da ke buɗe ya rufe ruf. Ya kau da kai amma ido na kanka, har kana ganin farin idon. Gashin doron wuya ya miƙe, kunnuwa sun manne a baya, ko yana lasar leɓe yana hamma alhali ba yunwa ba barci. Mafi haɗari shi ne tsayawa cak, kamar na daƙiƙa ɗaya ko biyu, domin sau da yawa abin da ke biyo baya cizo ne. In ka ga haka, janye hannunka a hankali, ka miƙe, ka ba shi wuri.

Kaɗa wutsiya kuwa ya yaudari mutane da yawa. Wutsiyar da ke lilo tare da ƙugu ta farin ciki ce. Wadda ta miƙe sama ƙiƙam, bakinta kaɗai ke karkarwa, ta karen da ke shirin wani abu ce.

In kana shakka, gwajin mai sauƙi ne. Dakata, ka ja da baya taku biyu, ka sauke hannuwa. In ya biyo ka da igiyarsa a baki, yana so. In ya girgiza jiki ya nufi ruwa ko inuwa, ya ƙoshi.

Yana gurnani in muna ja-in-ja. In tsorata?

Galibin karnuka suna gurnani a wasan ja, wasu ma kamar za su cinye ka. In jiki a sake yake, yana ja yana girgiza kai, kuma yana saki in ka ce ya saki, gurnanin na wasa ne. Na gargaɗi daga can cikin ƙirji yake fitowa, ƙasa-ƙasa, da jiki a sandare da ido ƙur.

Kada ka taɓa dukan kare don ya yi maka gurnanin gargaɗi. Ta nan yake gaya maka ya kai iyaka. In ka hana shi faɗa da murya, gaba sai dai ka ji haƙori ba sallama.

Yaya ake ja-in-ja yadda ya kamata?

Nemi abu mai tsawo, kamar kamu biyu, don hannunka ya yi nesa da bakinsa. Riƙe shi a bayanka, ka ce karen ya zauna. Sai ya zauna sannan ka fito da igiyar, ka ja ta a ƙasa tana wutsil-wutsil, ka ce "kama!" Karen da ya yi tsalle ya fizge kafin a ba shi izini, a mayar da igiya baya a sake daga farko. Wannan ɗan jira shi ne rabin darasin.

Da ya kama, ja gefe da gefe, a daidai tsayin kansa. Kada ka fizga sama da ƙasa, kada kuma ka ɗaga shi ƙafafu na reto a iska, ko da kuwa ka ga ana yi a bidiyo. Wuya da gadon baya da haƙora ke biyan kuɗin wannan burgar. Bari ma shi ya yi yawancin jan, kai dai ka riƙe, kana ɗan sassautawa kana ɗan tsanantawa.

Sai koyar da "saki", wanda shi ne ginshiƙin wasan. A tsakiyar ja, manna igiyar a cinyarka da hannu biyu, ka tsaya ƙyam, kada ta motsa ko kaɗan. Ka ce "saki" sau ɗaya, ka yi shiru. Da farko zai yi ta fizga, ya dube ka, ya sake fizga. Abin da ba ya motsi ba ya ba kare sha'awa, don haka can za ka ga haɓarsa ta sassauta. Yana saki ka yaba masa, nan take ka ce "kama!" a ci gaba. Ladan saki shi ne dawowar wasa. In ya gane sakin ba ya nufin an ƙwace, zai riƙa tofar da igiya tun kafin ka rufe baki. Mai taurin kai kuma a kai masa 'yar guntuwar dafaffiyar hanta dab da hanci, yana buɗe baki a ba shi.

Raba wasan turmi-turmi kamar na dambe: ja na rabin minti, saki, zauna, numfasa, sannan a koma. Karen da aka bari ya yi ta hawa ba hutu shi ne ke rikicewa ya fara kai cafka ko'ina. In za a tashi, ka ce "ya isa", ka ɗauke igiyar ka adana inda ba ya kaiwa.

In na bar shi ya ƙwace igiyar, ba zai raina ni ba?

Ba zai raina ka ba. Wannan tsoro ya samo asali ne daga tsohon ra'ayin cewa kare kullum neman shugabancin gida yake, sai an danne shi. Tushen ra'ayin wani nazari ne da Rudolf Schenkel ya wallafa a 1947 a kan kyarketan da aka tara wuri guda a gidan namun daji na Basel, a Suwizalan, waɗanda ba dangin juna ba ne, don haka suka yi ta rigima. Masanin kyarketai David Mech, wanda littafinsa na 1970 ya yaɗa ra'ayin, shi da kansa ya dawo a 1999, bayan ya daɗe yana kallon kyarketai a daji a arewacin Kanada, ya ce garkensu iyali ne kawai: uwa, uba da 'ya'ya.

A kan ja-in-ja kuma an gwada. A 2002, Nicola Rooney da John Bradshaw, masu bincike a Ingila, sun yi wasan ja da karnuka 14, wani lokaci a bar su su ci, wani lokaci a cinye su. Ci ko faɗuwa bai sa sun ɗaga wa mutum kai ba. Abin da aka gani shi ne bayan wasan sun fi mai da hankali ga wanda ya yi wasa da su.

Don haka bar shi ya ci sau da yawa. Karen da ya ƙwace igiya ya zagaya da ita yana taƙama, sannan ya dawo ya tura maka ita a gwiwa, ya fahimci cewa daɗin abin yana wurinka.

Haƙorinsa yana taɓa hannuna. Me zan yi?

Wasa ya tsaya nan take, ko da kuskure ne, ko da bai yi zafi ba. Saki igiyar, naɗe hannuwanka, juya masa baya ko ka fita ka rufe ƙofa na kamar rabin minti. Ka dawo ba fushi, a sake farawa. In ya maimaita sau biyu ko uku, wasan yau ya ƙare. Kare ya san inda haƙoransa suke sarai. In ya ga taɓa fata na kashe wasa, zai riƙa auna inda yake kamawa.

Kada ka fizge hannu da sauri, domin abin da ke gudu shi ake bi. Kada ka mare shi, kada ka matse masa baki, kada ka tura masa yatsa maƙogwaro. Wasu karnukan za su ɗauka wasan ne ya ƙara armashi, wasu kuma su fara tsoron hannu.

Abu mafi wuya a nan shi ne mutanen gida. In kai ka hana, ƙanenka kuma yana miƙa masa hannu yana taunawa, aikin banza kake yi. Dokar ta zama ɗaya ga kowa, har da mai gadi.

To kokawa da hannu, ni da shi a ƙasa, ya halatta?

Ga baligi mai lafiya da karen da ya reno, wanda ya riga ya iya "saki" da "ya isa", babu laifi. Ture shi a ƙirji ko kafaɗa ya dawo, ka rungumo shi ka saki, ka mirgina shi ka sosa masa ciki in yana so. Amma ka sa masa wani abu a baki tukuna, igiya ko tsumma, don bakin ya samu aiki. Fuskarka ta yi nesa da tasa. Ban da shaƙe wuya, ban da hawa kansa, ban da danne shi rigingine don nuna masa iko.

Ka kuma yi wa kokawar alama tata, wata kalma ko durƙuso a wani wuri na musamman, yadda zai san sai an gayyace shi. In ba haka ba, ranar da Baba ya sunkuya zai ɗaura takalmi, ko baƙo ya durƙusa gaisuwa, sai kare mai kilo 50 ya ɗauka an buɗe fili.

Ni a ganina, gidan da ke da ƙananan yara ko tsofaffi ya haƙura da kokawar jiki, ya tsaya a igiya. Yara suna kwaikwayon abin da suka gani, kuma ba su da ƙarfin da za su kwashe lafiya.

Daga wata nawa zan fara da kwikwiyo?

Wasa mai laushi ana fara shi tun ranar da ya zo gida. Sai dai kada ya zo da wuri. Masu sayarwa sukan raba kwikwiyo da uwarsa yana sati huɗu ko biyar, alhali a tsakanin 'yan'uwansa yake koyon sassauta cizo: ya ciji ɗan'uwa da ƙarfi, wancan ya yi ƙara ya bar wasan. A bar shi ya cika sati 8.

Kwikwiyo yana da haƙoran nono 28, masu tsini kamar allura. Daga wajen wata uku zuwa huɗu suke fara zubewa, zuwa wata shida ko bakwai na manya guda 42 sun fito. A wannan tsakani dasashinsa na ciwo, yana tauna duk abin da ya samu. Yi ja da tsumma mai laushi, a hankali, shi ya ja kai ka riƙe. In ka ga ɗan jini a tsumman ko haƙori ya faɗo, ba abin tashin hankali ba ne, a dai huta kwana biyu.

Ƙasusuwa kuma sun fi haƙora jinkiri. Manyan nau'o'i irin su Alsatian, Rottweiler da Boerboel ba sa gama ƙosawa sai sun kai shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Kafin nan a guji sa su tsalle mai tsawo, ko juyi da gudu a kan tayil ko siminti mai santsi.

Da me zan yi wasan? Kayan wasan kanti suna da tsada.

Ba sai ka saya ba. Igiyar auduga mai kauri da aka ƙulla wuri uku, ko tsohon tawul da aka yayyanka aka kitse, ko buhun algarara da aka naɗe aka ɗaure, duk sun isa. In zare ya fara warwarewa a sauya, domin zaren da kare ya haɗiye yana iya naɗe hanji.

Akwai wani abin da ke gajiyar da kare cikin minti kaɗan ba tare da ya taɓa jikinka ba. Samu sanda ko guntun bututun roba, ka ɗaura igiya mai tsawon kamu uku ko huɗu, ka ɗaura tsumma a bakinta. Kana tsaye wuri ɗaya kana jan tsumman a ƙasa, shi yana bi. Bar shi ya kama lokaci-lokaci, ka sa shi ya saki, a sake.

Waɗanda za a guje wa kuwa, da yawansu a tsakar gida suke. Totuwar masara, ƙwallon mangwaro da na goruba suna toshe hanji, sai an yi tiyata. Dafaffen ƙashi, musamman na kaza, yana tsagewa ya soki ciki. Sandar da aka jefa takan kafe a ƙasa kare ya auka mata da baki a buɗe. Dutse na fasa haƙori. Tsohon takalmi ko tsohuwar riga kuma, kare bai san bambancinsu da sababbi ba, kada ka koya masa abin da zai sa ka rasa takalmin Juma'a.

Ka duba filin ma. Kwalba, ƙusa, tsidau da ƙarangiya suna shiga tsakanin yatsunsa, sai ka ga yana ɗingishi bayan wasa.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Da sassafe ko bayan faɗuwar rana. Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa, haki ne babbar hanyarsa ta fitar da zafi. Zafin jikinsa na lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39, in ya kai 41 rai na cikin haɗari. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri da Yamai suna haura digiri 40, kuma kare mai son wasa ba ya cewa ya gaji, zai yi ta bin igiya har ya faɗi. Kai ne za ka tsayar da shi.

Karnukanmu na gida, da na farauta irin Azawak na Abzinawa, siraran jiki ne masu gajeren gashi, sun fi jure rana. Nau'in Caucasian da aka kawo daga ƙasar dusar ƙanƙara, da masu guntun hanci irin Bulldog, su ne ke fara galabaita.

Alamun zafi ya yi yawa: haki mai ƙara da ba ya lafawa, harshe ya zazzago ya faɗaɗa, yawu mai kauri yana dalala, dasashi ya yi jawur, tangaɗi ko amai. Kai shi inuwa, ka kwarara masa ruwa mai sanyi a wuya da ciki da cinyoyi, ka yi masa fifita, ka ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, sannan ka nufi likitan dabbobi ko da ka ga kamar ya farfaɗo. Kafin wasa kuma ɗora bayan hannunka a ƙasa. In ba za ka iya jurewa ba, tafin ƙafarsa ma ba zai iya ba.

Kada a yi wasan ƙarfi da cikakken ciki. Manyan karnuka masu zurfin ƙirji tumbinsu yana iya kumbura ya murɗe, kuma wannan yana kisa cikin sa'o'i. A bar kamar awa biyu bayan cin abinci.

Yarana suna son su shiga. In bar su?

Kokawa da ja-in-ja ba na ƙananan yara ba ne. Fuskar yaro daidai take da bakin kare, ga shi yana ihu yana gudu yana wurgi da hannuwa, duk abubuwan da ke tayar da kare. Ba su aikin da ya dace da su: jefa ƙwallo, ɓoye abinci a tsakar gida kare ya nemo da hanci, ko sa shi ya zauna su ba shi lada a tafin hannu. Mai shekara goma zuwa sama zai iya ja da kare mai ladabi wanda bai fi ƙarfinsa ba, kana tsaye a wurin.

Koya musu cewa in kare ya rikice yana tsalle a kansu, su tsaya cak, su naɗe hannu a ƙirji, su dubi ƙasa. Kuma ba a taɓa kare yana cin abinci, ko yana barci, ko karya tana shayarwa. Yaro da kare ba a barinsu su kaɗai, komai sabo.

Ina bin sa da gudu, yana bi na. Akwai matsala?

Bin kare da gudu yana koya masa guje maka, kuma ranar da ya fice ƙofa ya nufi titi za ka ga illar. Shi ya bi ka ya fi, da sharaɗin akwai igiya a hannunka da zai kama in ya cim maka, ba ƙafar wando ba. Abin da ba a yarda da shi ba sam shi ne cuna shi ga akuya, kaza, kyanwa ko almajiri don a yi dariya. Sau ɗaya ya ɗanɗana, hana shi sai an sha wuya, ga rigima da maƙwabta.

Karen gadi ne. Wasa ba zai lalata shi ba?

Wannan ra'ayi ya cuci karnuka da yawa. Sai a kulle kare a keji wuni guda, ba mai kula shi, wai don ya yi zafi. Abin da ake samu kare ne mai tsoro da ƙunci, wanda bai san bambancin ɓarawo da ɗan gida ba, kuma mai shi ma ba ya iya kiran sa ya dawo. Karnukan 'yan sanda da na kwastan masu shinshino ƙwaya da abubuwan fashewa, da yawansu ladan aikinsu ƙwallo ne ko 'yar igiyar ja. Haushin baƙo da tsare gida hali ne da kare ke tashi da shi, wasa ba ya goge shi. Abin da wasa ke ƙara maka shi ne karen da in ka ce "saki" zai saki.

Ya yaƙushe ni, ko haƙori ya fasa fata. Me zan yi?

Kada ka ce ai wasa ne. Wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15 cur, ka duba agogo, domin ya fi yadda kake zato tsawo. Sa aidin ko sifirit, kada ka ɗaure shi tam, kada ka cusa toka ko barkono ko gashin karen. Sannan ka je asibiti a ranar, ka faɗa musu ko karen yana da rigakafi da kuma yaushe aka yi masa. Su za su yanke ko kana bukatar alluran haukan kare da ta tetanus. In an fara allurai, a kammala su.

Dalilin wannan tsanani shi ne ciwon haukan kare, in alamunsa suka bayyana, kusan ba a tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma kamar kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yawu ne ke ɗauke da shi, don haka lasar ciwo ko ido ko baki ma abin kai wa likita ne. Karen da ya yi cizon a killace shi a sa masa ido kwana 10, ba a kashe shi ko a sayar da shi ba, amma kada ka zauna jiran kwanakin kafin ka ga likita.

Tun farko dai, karen da ba a yi wa rigakafi ba bai cancanci wasan baki ba. Ana yi wa kwikwiyo allurar yana wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara, a adana katin. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana sarrafa wannan allura, kuma a wurare da dama akan yi gangamin rigakafi a kusa da 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya. A haɗa da maganin tsutsar ciki, da na kaska da ƙuma, a kuma rage masa farce.

Yawunsa fa, da maganar tsarki?

Malamai sun saɓa. A Malikiyya, mazhabar da ta fi yaɗuwa a ƙasar Hausa, kare mai rai da yawunsa ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai kuwa bin umarni ne. Shafi'iyya da Hambaliyya suna ɗaukar sa najasa. Kiwon kansa ma hadisi ya yi rangwame ne ga karen farauta, na kiwo da na gona, malamai da dama kuma suka haɗa da na gadi. Hukuncin halin da kake ciki, malaminka za ka tambaya. A aikace, ware rigar wasa daban da ta salla, a yi wasan a waje, ka wanke hannu da sabulu in an gama. Doguwar igiya da sandar nan mai tsumma suna ba ka damar gajiyar da kare ba tare da yawunsa ya taɓa ka ba.

Wane kare ne ba a irin wannan wasa da shi?

Wanda ba naka ba, da wanda ka samu da girmansa ba ka gama sanin halinsa ba. Wanda ya taɓa cizon mutum da gaske. Wanda ke sandarewa yana gurnani in an kusanci kwanonsa ko abin wasansa, domin shi ja-in-ja a wurinsa ba wasa ba ne, ƙwace ne. Karya mai ciki ko mai shayarwa, tsohon kare mai ciwon gaɓoɓi, da mai laulayin haƙori. Waɗannan a nema musu wasan hanci da yawo da igiya a wuya.

Sai kuma karen da ya saba wasa lafiya, rana ɗaya ya ƙi, ko ya kai maka cafka da ka taɓa wani wuri a jikinsa. Kafin ka ce ya lalace, a duba shi, domin sau da yawa ciwo ne: kunne mai ruwa, fasasshen haƙori, ƙugu, ko zazzaɓin kaska. In babu likitan dabbobi kusa, ofishin kula da dabbobi na ƙaramar hukuma zai nuna maka inda za ka, kuma jami'o'in Zariya, Sakkwato da Maiduguri duk suna da asibitin koyarwa na dabbobi da ke karɓar karnuka. In kuwa sauyin halin ya zo da dalalar yawu, kasa haɗiya, sauyin murya ko cizon duk abin da ya gani, kada kowa ya taɓa shi. A rufe shi inda yake, a kira likita ya zo.